Maratayin kyamara mai nauyi: wanda nake aiki da shi da abin da na gani a sauran

Ƴan uwa masu sana'ar hoto a nan Damagaram, musamman masu yinin buki da masu bin hawan sallah tun daga filin idi har ƙofar fadar Sarki a Birni, maganar maratayi ce yau, don na lura mutum zai zuba kuɗi ya sayi babbar kyamara da objektif (gilashin da ake ɗaurawa a bakin kyamara) mai tsada amma igiyar da zai rataya su da ita ko a jikinsa, duk wadda ya tarar a kwali shikenan. To ku lissafa, Canon 5D Mark IV da batir a ciki giram 890 ce, objektif ɗin nan 70-200 f/2.8 shi kaɗai ya kusa kilo ɗaya da rabi, ka ɗora filas a sama ka doshi kilo 3 kenan, kuma duk wannan a ƙashin wuyanka zai yini tun hantsi har la'asar sakaliya.

Igiyar da ke zuwa cikin kwali kowane kamfani kusan iri ɗaya ce, siririya, gefenta da kaifi, an yi ta ne don a rataya a wuya kyamara na lilo a ƙirji. In ƙaramin objektif ne ba komi. Amma da nauyi ya ƙaru kai na rinjaya gaba, wuya ya sage, da dare ka ji kafaɗu kamar ba naka ba, ga zufa ta jiƙa wajen tana goge maka fata. Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne nauyi ya bar wuya kwata-kwata, a rataya daga kafaɗar hagu igiya ta ratsa ƙirji kyamara ta zauna a ƙugun dama, duk sauran bayani bayan wannan yake.

Wanda nake aiki da shi yanzu Slide ne na kamfanin Peak Design na Amurka. Faɗinsa milimita 45, saƙar nailan ce irin ta bel ɗin kujerar mota, gefe ɗaya santsi ne ɗayan kuma an sa masa ɗan roba mai kama riga. Wannan santsin shi ya fi burge ni wallahi, don in doki ya taho a guje wajen jafi ba ka da lokacin gyara komi, kawai ka ja kyamara sama igiyar ta zame a kan riga ta biyo ka, ba ta tattaro maka wuyan riga ba ta maƙale. Akwai ƙarafuna biyu na daidaita tsawo da ake ja da yatsa ɗaya, in zan hau kabu-kabu sai in ɗame shi kyamara ta manne a jikina, in na sauka in sake shi. Mai babbar riga da ƴan uwanmu mata masu aiki da hijabi su ma tsawon ya ishe su, ba sai sun yi ta fama ba.

Inda ake haɗa shi da kyamara wasu ƴan maɓallai ne zagayayyu masu zare, kamfanin ya ce kowane ɗaya na ɗaukar kilo 90, kuma zaren hawa-hawa ne, in baƙin saman ya cinye sai wani launi ya bayyana daga ciki ka san lokacin canji ya yi. A garin da ƙura ke shiga komi lokacin hunturu wannan dabara ce mai kyau, don rairayi cin zare yake a hankali ba ka sani ba. Yadda nake ɗaurawa, ɗaya a kunnen kyamara na hagu ɗaya a ƙasan kyamara wajen ramin sukurun da ake ɗora ta a kan ƙafa uku, da haka bakin objektif ƙasa yake kallo ba ya tokarar mutane cikin cunkoso. In kuwa dogon objektif ne mai nauyi to ka ɗaura ɗayan a ƙafar objektif ɗin kanta, kar ka bar shi yana reto a bakin kyamara, wajen haɗin nan ba a yi shi don jan kilo da rabi duk yini ba.

Sai dai fa kuɗi. Ya haura dalar Amurka 60, wajen jika 40 namu kenan kafin kuɗin kawowa, kuma ba abu ba ne da za ka shiga kasuwar Dole ka ɗauko, sai dai saƙo ta Yamai ko Kano ko wani mai dawowa daga waje. Sannan katifarsa a cikin saƙar take, ba kauri gare ta ba, faɗin ne ke raba nauyi, don haka mai son ya ji laushi luɓus a kafaɗa ba shi zai nema ba.

Shi mai son katifa ya duba irin na kamfanin BlackRapid, akwai abokan aiki da ke amfani da shi kuma suna yabawa. Nasu matashi ne mai kauri a kafaɗa wanda ba ya motsi, kyamarar ce ke zamewa a kan igiya ta hanyar ƙugiya, an ɗaura ta waje guda a ramin nan na ƙasa mai kwatan inci da ake ɗora kyamara a kan ƙafa uku. Abu biyu za ka riƙe, duk safiya ka murɗa sukurun ka tabbata ya ɗamu don kyamararka kaf a kansa take rataye, kuma in za ka yi bidiyo a ƙafa uku sai ka kwance shi tukuna.

Na roba mai laushi mai talewa kuwa, wanda ake ce wa niyofirin, gaskiya yana sa kaya su ji sauƙi don yana shanye girgiza. Amma ba don zafinmu aka yi shi ba, Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 robar ba ta barin iska ta shiga, ƙarƙashinta sharkaf, kuma kana sauri kyamara na tsalle a ƙugu.

Jabu su ne abin tsoro. Za ka ga mai kama da orijinal sak da araha har ka yi murna, igiyar kanta lafiya lau, matsalar ƙugiya ce, ƙarfen zubi ne mai gautsi da ba ya lanƙwasa sai dai ya karye farat ɗaya. Na ga objektif ya sha ƙasa a wajen wani ɗaurin aure saboda ita, gyaransa ya ninka kuɗin maratayin kirki ban san sau nawa ba.

Wanda aljihunsa bai kai ba kar ya raina dukawanmu, aikin fatar Damagaram ba baƙo ba ne ga kowa. Ka je da kyamararka da objektif mafi nauyi a jiki, ka ce ma baduku faɗin yatsu uku kake so a wajen kafaɗa, fatar sa daga waje don ƙarfi, ta akuya mai laushi daga ciki, ɗinki biyu-biyu a bakin zobe. Ka roƙe shi cikin ya bar shi ba rini, in ba haka ba ranar da ka sa farar shadda ka yi zufa jan nan zai sauka a kafaɗarka. Sabuwar fata da tauri take zuwa sai ta sha hannu tukuna, kuma ba ta zamewa a riga kamar nailan. Ƴan maɓallan nan na Peak Design ana sayar da su daban da abin da suke shiga ciki, kuɗinsu bai kai rabin na maratayin ba, sai ka yi saƙonsu kawai ka kai ma baduku ya ɗinka a bakin fatar, kafin ya yanke tsawo kuma ka rataya ka zaga rumfar ka ga ko kyamara ta sauka daidai inda hannunka na dama ke kaiwa.