Kafin Ka Sayi Na'urar Tace Ruwan Ƙwayoyin Halitta

Duk mai niyyar haɗa maganin furotin a Kano, ko a ɗakin gwaji na Jami'ar Bayero ko a wata masana'anta a Sharaɗa, zai tarar ruwan da aka raini ƙwayoyin halitta a ciki yana fitowa daga tanki a dagule, kamar ruwan gasara kafin ya kwanta. Furotin ɗin ya narke a ruwan, amma ƙwayoyin CHO, wato ƙwayoyin halittar dabba da aka raina don su samar da furotin ɗin, da tarkacensu suna yawo tare da shi, kuma matuƙar ba a raba su ba, za su toshe bututun Protein A mai ɗan karen tsada da ke mataki na gaba, wanda yake kamo furotin ɗin daga cikin ruwan.

Ana iya raba su da injin wulwulawa ko da filta. Injin wulwulawa, irin na kamfanin Alfa Laval ko GEA, yana juya ruwan da gudu har masu nauyi su koma gefe. Shi ya dace da aikin da ya haura lita 2,000. Sai dai yana son wutar da ba ta yankewa da wanki mai tsanani bayan kowane zagaye, kuma ƙarfin juyinsa kan farfasa ƙwayoyin, ta yadda dole a sake tace abin da ya fito.

A ganina, mai ƙaramin aiki ya fi dacewa da filta mai kauri, irin Millistak+ ko Zeta Plus. Da zaren tsiro da wata farar ƙasa mai ƙananan ramuka ake yin ta, shi ya sa datti yake maƙalewa a cikin jikinta ba a samanta kaɗai ba, har ma tana kama wani kaso na DNA ɗin ƙwayoyin da ke cikin ruwan. Sau ɗaya ake amfani da ita a yar, babu wanki. Amma a nan kuɗin yake, domin daga waje ake shigo da ita, da dala, kuma sai an ɗauraye ta da tsarkakakken ruwa mai yawa kafin a fara.

Kada ka dogara da takardar dillali kaɗai. Ka nemi ƙaramin samfuri, ka zuba naka ruwan, ka sa ido a kan agogon matsi, ka rubuta lita nawa ta wuce kafin allurar ta tashi, sannan ka ga ko abin da ya fito zai ratsa filtar ƙarshe mai ramuka masu faɗin maikiron 0.2 ba tare da ta toshe ba. Da wannan lissafi za ka san faɗin filtar da za ka yi oda.