Littafin Fada Labat: na sayi biyar, aka kawo mini ɗaya

Wata biyu cur ina jiran littafin Fada Labat, wani limamin Katolika Bafaranshe, a kan Afirka ta Yamma, wanda aka fara bugawa a Paris a 1728. Kun san yadda masu sake buga tsofaffin littattafai suke tsawwala kuɗi, ga na aikowa ya kusa kamo na littafin. Na daure na biya. A hoton talla mujalladi biyar ne jere. Da na kwance ƙunshin, ɗaya tal na gani.

Shi ma ɗayan, hoton tsohon bugu kawai aka ɗauka aka manna. Taswirar kogin Senegal, wadda dominta na fi ƙwallafa rai, a naɗe aka ɗauki hotonta, sai gefe guda ake gani. A wani shafin har da babban yatsan mai ɗaukar hoton! Na aika wa masu shagon saƙo sau uku, amsa ɗaya suke maimaitawa, wai in sake duba bayanin kaya. To na duba.

Amma fa Labat ya iya ba da labari. Faransancin tsoho ne, harafin s ɗinsu kamar f, sai da ido ya saba. Da ya saba kuwa, na kai ƙarfe biyun dare ina bin kwatancen gaɓar teku da cinikin ƙaro, har na fara yafe wa masu shagon.

Sai wani malaminmu na tarihi ya yi mini dariya, ya ce ai Labat bai taɓa taka ƙasar Afirka ba. Takardun André Brüe, shugaban kamfanin Faransa a Senegal, ya tattara ya ƙawata. Inda ya zauna da ƙafarsa tsibiran Martinik da Gwadalup ne a yankin Karibiyan, tun daga 1694, sama da shekara goma, yana kula da gonar rake ta 'yan ɗariƙarsa ta Dominikan, bayi na yi masa aiki. Ashe ganau nake tsammani, jiyau na saya, kuma kashi ɗaya cikin biyar na jiyau ɗin.

Tauraro biyu na ba su, albarkacin takardar mai kauri ce. Sauran mujalladi huɗun kuwa, an ce kowanne da kuɗinsa daban.