Wace taya za ka saya kafin dusar ƙanƙara ta sauka?

Wanda ya koma Kanada ko arewacin Turai da zama, kuma yana da mota, zaɓi uku ne a gabansa idan hunturu ya ƙarato. Kafin ka kalli farashi, duba gefen tayar: akwai hoton tsauni mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki? Wannan tambarin ne ke nuna an gwada ta a kan dusa. Rubutun M+S (wato taɓo da dusa, a Turance) kaɗai bai isa ba. Jamus ta daina karɓarsa a matsayin shaidar tayar hunturu tun Oktoban 2024.

Ta farko, tayar hunturu marar ƙusa, irin su Michelin X-Ice, Bridgestone Blizzak ko Continental VikingContact. Robarta ba ta sandarewa idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 7 a ma'aunin salshiyos, kuma zanenta cike yake da ƙananan tsage masu kama hanya. A ganina ita ta fi dacewa da mafi yawan mutane, musamman mazauna birni inda ake share titi ana zuba gishiri. Sai dai da bazara dole a cire ta, don zafin kwalta yana cinye ta da sauri. Ka haɗa da wili na ƙarfe daban, canjin zai zo maka da sauƙi duk shekara.

Ta biyu mai ƙusoshi ce. A kan ƙanƙara mai sulɓi kamar gilashi babu kamarta, shi ya sa mutanen karkara a Finland da Suwidin ke son ta, irin Nokian Hakkapeliitta mai ƙusa. Amma tana da ƙara, tana cin kwalta, kuma ba ko'ina aka yarda da ita ba: Jamus ta hana, a lardin Ontario na Kanada ma sai mazauna arewacinsa.

Ta uku ita ce ta kowane yanayi mai ɗauke da tambarin tsaunin, kamar Michelin CrossClimate. Ba a cire ta duk shekara. Ga wanda ke Landan ko wani gari mai sauƙin sanyi, ta wadatar. A Winnipeg kuwa, birnin Kanada mai tsananin sanyi, ba zan ba ka shawararta ba.

Doka ma tana da ta cewa. A lardin Quebec na Kanada sa tayar hunturu tilas ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, a Ontario kuma kamfanonin inshora suna yi wa mai tayar hunturu rangwame.

Huɗu za ka saya, ba biyu ba. Idan na gaba kaɗai ka canja, bayan motar zai iya juyawa da kai a kwana. Mota mai jan ƙafa huɗu ma tana bukata, don jan yana taimaka wa tashi ne, ba birki ba. In ta hannu za ka ɗauka, karanta lambobi huɗu na ƙarshen DOT, wato lambar da ke gefen tayar: 3522 na nufin an ƙera ta a mako na 35 na 2022. Zanen da zurfinsa bai kai milimita 4 ba, bar wa mai shi kayansa.