Kwas ɗin rumbun bayanai da na yi a Kaduna: Asabar ɗaya ce ta fanshi kuɗina

Mutum uku ke nan suna tambayata ko kwas ɗin nan na sati takwas da ake yi ranakun Asabar a cikin gari ya kai kuɗinsa. Ba zan kama sunan cibiyar ba, masu nema sun san ta, kuɗin ma kun san shi, kuma ba ƙarami ba ne a aljihun mai albashi irina.

Ina aiki ne a wani shagon sari na kayan masarufi kusa da Kasuwar Sheikh Gumi. Duk cinikinmu da bashin 'yan kasuwa yana cikin PostgreSQL, wato manhajar rumbun adana bayanai. Wanda ya haɗa mana manhajar ya koma Abuja tuni, aka bar ni da kaya don kawai ni ne mai diflomar kwamfuta. Matsalarmu ita ce in ka rubuta sunan abokin ciniki kana son ganin bashinsa, sai ka jira kusan daƙiƙa 40. Mutum yana tsaye da kuɗi a hannu, mai keke yana yi masa hon a waje, kai kuma kana kallon allo kamar wanda aka aika ya manta saƙo. Alhaji mai shagon ya ce a sayo sabuwar kwamfuta. Na ce ranka ya daɗe a ba ni wata biyu tukuna.

Asabar ta uku na nemi izinin Alhaji, na goge lambobin wayar mutane, na kai kwafin rumbunmu aji. Malamin wani dattijo ne mai furfura a gemu, Injiniya muke ce masa, ba ya yawan magana. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya ce, "Kada ka gaya mini abin da kake zargi. Tambayi rumbun, shi zai faɗa." Ya sa na rubuta EXPLAIN ANALYZE a gaban umarnin da manhajar take aikawa, don rumbun ya nuna hanyar da yake bi wajen nema da lokacin da yake ɗauka. Da sakamako ya fito sai ya ɗora biro a kan allo daidai inda aka rubuta Seq Scan. Ma'ana, rumbun yana bin teburin ciniki ne layi bayan layi, sama da layi miliyan ɗaya, don ya nemo mutum guda.

Na ce, "Amma Injiniya, akwai fihirisa a kan suna, da idona na gani."

Ya yi murmushi. Fihirisa dai jerin sunaye ce da rumbun ke dubawa ya je kan layi kai tsaye. Ashe manhajar tana mayar da sunan ƙananan baƙaƙe kafin ta nema, fihirisar kuwa an gina ta a kan sunan yadda aka shigar da shi, don haka rumbun ba ya ko kallon ta. Kamar a jera littafin bashi bisa sunan yanka, kai kuma ka zo kana nema da laƙabi. Layi ɗaya ya sa na rubuta, sabuwar fihirisa a kan sunan da aka ƙanƙanta. Muka sake gwadawa. Wallahi kafin in ɗauke yatsana daga madanni amsa ta fito. Wata 'yar ajinmu da ke zuwa daga Barnawa sai da ta tafa.

Bai tsaya nan ba. Ya ce girman teburin ya yi yawa a kan adadin layukansa, ya duba saituna, ya tarar wanda ya haɗa mana ya kashe autovacuum, wato mai sharar rumbun da ke aiki da kansa. A nan na fara sanin cewa PostgreSQL in ka gyara layi ko ka goge shi ba ya share tsohon nan take, yana barin gawarsa a wurin sai mai shara ya zo. Mu shekara da shekaru babu mai shara. Ya ce in kunna shi, in kuma yi VACUUM FULL, wato babbar sharar da ke sake gina teburin, amma da dare bayan an rufe shago, don yana kulle teburin har ya gama. Ya nuna mini shared_buffers ɗinmu, wato kason ƙwaƙwalwar inji da aka ware wa rumbun, yana nan a 128MB yadda ya zo, alhali ana fara gwadawa ne da wajen rubu'in ƙwaƙwalwar injin. Sannan ya ja kunnen aji duka a kan abu biyu: EXPLAIN ANALYZE yana aiwatar da umarnin da gaske, kada wani ya gwada shi a kan gogewa ya dawo yana kuka, kuma kowace fihirisa da ka ƙara tana rage saurin shigar da sabon ciniki. Ranar Litinin Alhaji ya nemi sunan wani mai bashi, ya dube ni ya ce, "Kai, ka sayo injin ne ban sani ba?" Da a ranar na rubuta wannan sharhin, da tauraro biyar zan ba su har da addu'a.

To amma da na tuna sati na shida sai raina ya sake ɓaci. Shi ne satin ajiyar ko-ta-kwana da dawo da bayanai, abin da ya fi komai muhimmanci a wannan sana'a. Injiniya bai zo ba, babu wanda ya sanar da mu. Na taso daga Rigasa cikin ruwan sama, aka turo mana wani matashi yana karanta mana allo: Edgar Codd na IBM ya fito da tsarin tebura a 1970, Michael Stonebraker ya fara aikin Postgres, tushen PostgreSQL, a jami'ar Berkeley a 1986, kamfanin Oracle ya saye kamfanin Sun a 2010 ya gaji manhajar rumbu ta MySQL. Duk gaskiya ne, amma ba don wannan na biya ba. Wuta ta ɗauke wajen sha biyu, aka ce babu mai a janareta, muka watse. Ko pg_restore, umarnin dawo da ajiya, sau ɗaya ba mu taɓa da hannunmu ba.

Bayan sati uku faifan kwamfutar shago ya mutu. Ina da fayil ɗin ajiya na pg_dump a filashi, hankalina kwance, na ɗauko wata tsohuwar kwamfuta zan dawo da shi, sai ta ƙi karɓa. Alhaji yana tsaye a kaina da carbi, bai ce uffan ba, shirunsa ya fi faɗa ciwo. Bayan isha'i na kira Injiniya, kuma gaskiya ya ɗauka. Ya ce PostgreSQL ɗin da ke tsohon injin ya girmi wanda ya yi ajiyar, tsohon pg_restore ba ya karanta fayil ɗin sabo, in girka daidai da shi. Aka samu ya dawo. Sai dai ajiyar ta kwana tara, muka kwashe kwana biyu ni da yaran shago muna shigar da ciniki daga littafin rasit. Daga baya da kaina na gano ana iya adana WAL, wato kundin da rumbun ke rubuta kowane canji a ciki, a dawo da rumbu zuwa mintin da ake so. Wannan yana rubuce a takardar tallar cibiyar, layi na biyu.

Alkawarinsu na "za mu haɗa ku da aiki" kuwa, zauren WhatsApp ne da ake turo gaisuwar Juma'a. Shawarar da na amfana da ita a bakin Injiniya na ji, muna cin gyaɗa a bakin ƙofa. Ya ce babu mai miƙa wa baƙo mukullin rumbunsa, yawanci daga gyaran kwamfuta ko rubuta manhaja ake gangarowa, in koyi Linux sosai, in kuma ina hangen banki to in leƙa manhajar rumbu ta Oracle. Ya ce in rubuta labarin daƙiƙa 40 ɗin nan a takardar neman aikina, ya fi satifiket magana. Dama satifiket ɗin har yau ana cewa "yana wajen bugawa".

Tauraro uku, kuma biyu da rabi na Injiniya ne. Mai niyyar zuwa ya tafi da rumbun da ke ba shi ciwon kai na gaske, kuma kafin ya biya ya sa su faɗa masa wa zai koyar a sati na shida.