Picaridin ko DEET: wanne za a shafa wa ɗan shekara biyu?

'Yar uwa, tunda kin ce kina neman maganin korar sauro da za ki shafa wa ɗanki mai shekara biyu, kuma kina tsakanin mai sinadarin DEET da mai sinadarin picaridin ne, sayi picaridin mai kashi 20 cikin ɗari ki huta.

Shi nake shafa wa 'yata tun da ta fara tafiya. Irin yaran nan ce da sauro ɗaya in ya cije ta sai wurin ya tashi ya yi ja, ta kwana tana susa har ta fasa shi. Ranar da na fara gwada mata, a waje muka zauna tun yamma har duhu ya shiga saboda zafi. Ni da na manta ban shafa wa kaina ba, sai marin ƙafafuna nake yi, ita kuwa tana tsugune tana wasa da murfin kwalba, ko a jikinta. Da na zo yi mata wanka na duba ƙwauri, na duba bayan wuya, ko tabo ɗaya babu. Ba ya wari, ba ya danƙo a fata, shi ya sa ba ta gudu in ta ga na ɗauko shi. Da kanta ma take miƙo hannu. Kamfanin Bayer na Jamus ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980, kuma a jikin wasu kwalaben za ki ga an rubuta icaridin, duk abu ɗaya ne. Mai kashi 20 ɗin yana kai wajen awa 8, shafa ɗaya ta ishe ki yammaci guda.

DEET kuwa, to, yana aiki, ba zan yi masa sharri ba. Tun 1957 ake sayar wa jama'a shi, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yarda a shafa wa yaro muddin bai wuce kashi 30 ba. Amma yana cin roba. Fuskar agogona ya dushe min ita, ga maiƙo ga wari, na yi da-na-sanin kuɗina.

Ko ba ki tambaya ba, ki yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu ɗura ruwa mai ƙamshi a kwalba su ce miki wai na gargajiya ne zalla, ba sinadari, ya fi dacewa da yara. Juya kwalbar ki karanta. In ba a rubuta sunan sinadarin da yawan kashinsa ba, ko kika ga an liƙa wata takarda a kan ranar ƙarewar wa'adi, ajiye musu kayansu. Na taɓa sayen abin hannun nan da ake ɗaura wa yaro wai yana korar sauro, a gefen abin ma sauron ya cije ta. Mai man itacen lemon eucalyptus shi yana kora da gaske, sai dai CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ce kada a shafa wa wanda bai kai shekara 3 ba, kin ga naki bai kai ba tukuna.

Wajen shafawa, kada ki fesa masa kai tsaye. Zuba a tafin hannunki, ki shafa inda riga ba ta rufe ba kawai. Ki bar tafin hannunsa, don kin san yanzu zai kai baki ko ido, ki kuma kauce wa ƙuraje da inda ya ji ciwo. In za ki haɗa da man kare zafin rana, man ranar za ki fara shafawa. Kun dawo ɗaki, a wanke da sabulu kafin barci, ya shiga gidan sauro. In kuma kina goyon jaririn da bai kai wata 2 ba, shi ba a shafa masa ko ɗaya, gidan sauro za ki lulluɓe masa gado da shi.