Hattara da mai "gwajin basirar yara" a WhatsApp

Naira dubu 135. Yau da asuba na sake lissafawa, dubu 135 ne cif, kuɗin adashena.

"Hajiya, ɗanki ba kamar sauran yara ba ne." Da wannan maganar mai gwajin ya kama ni, kuma har yanzu muryar tana kunnena. Wace uwa ce za a faɗa mata haka ta ƙi saurara? Ni ba sakarya ba ce, shekara 14 ina koyarwa. Ya ce Binet ne ya fito da gwajin a Faransa a 1905, ya ce an kafa Mensa, ƙungiyar masu babban maki a gwajin basira, a Ingila a 1946. Na duba, duk gaskiya ne. To ta ina zan zarge shi?

Dubu 35 na fara turawa, kuɗin gwaji. A'a, kafin nan akwai dubu 10 na fom. Dubu 90 kuwa na takardar shaida ne da rajista, wai da ita za a samo wa yaron tallafin karatu a waje. Dubu 90 a tashi ɗaya! Gwajin kansa hotuna 20 ne ya turo, zane-zanen da ake cike gurbinsu, yaron ya amsa a wayata cikin minti goma. Kashegari mutumin ya ce makin yaron 168.

Ƙanwar mijina, da ta karanta ilimin halayyar ɗan Adam, tana ganin takardar ta ce, "Anti, an cuce ki." Ta ce matsakaicin maki 100 ne, kusan mutum biyu cikin ɗari ke kai 130. Gwajin basira na gaskiya, irin na Wechsler na yara 'yan shekara 6 zuwa 16, ƙwararre ne ke zama da yaro gaba da gaba, awa guda ko fiye, ya auna fahimtar magana da riƙe abu a ka da saurin aiki, sannan ya rubuta rahoto. Hotunan nan kwaikwayon gwajin Raven ne, suna nan birjik a intanet.

Ranar Talata ya toshe lambata. Tun kafin nan na riga na faɗa wa yaron makin, shi kuma ya faɗa wa 'yan ajinsu. Wannan ya fi kuɗin ci mini rai. "Ba kamar sauran yara ba ne." Allah ya isa tsakanina da shi.

Duk wanda ya ce zai auna basirar ɗanku ta waya, kada ku tura ko sisi. Hotunan hirarmu da rasit uku suna hannuna, da daddare zan ɗora su.