Wurin da ake ba mai shan tramol lada in ya daina: abin da na gani cikin wata 3

Tunda mutanen unguwa suka ga autanmu ya yi kumatu ya koma atalye ɗin walda nike shan tambaya, wai wane malami ne ya yi mishi aiki. Ba malami ba ne. Inna dai ta karɓo rubutu har kwano ya gaji, Allah ya saka mata, amma inda muka kai shi wani ɗan wuri ne nan Yamai, wata ƙungiya ke riƙe da shi, ɗaki uku da rumfa. Ba zan faɗi sunansu ba don akwai abin da zan faɗa da ba zai yi musu daɗi ba.

Yaron nan shekararshi 24. Ya fara shan tramol ne lokacin da yake sauke siminti a kasuwar Katako, ƙwaya ɗaya cikin kafe da safe wai don kar ya ji gajiya. Tramol ɗin da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, kuma ko mai ciwo ba a son ya wuce 400 a yini, amma na bakin titi 225 ne, shi kuwa ya kai yana watsa huɗu ko biyar. Sau biyu yana faɗuwa a fada yana karkarwa har ya ciji harshe, aka ce aljannu ne, ashe ƙwayar ce, in ta yi yawa farfaɗiya take kawowa. Faɗuwa ta biyu ce ta sa na ja shi muka tafi, yana ta gunguni cikin taksi.

Abu na farko da ya burge ni, ba su ce ya yanke lokaci guda ba. Madam ɗin da ta karɓe mu ta ce wanda ya kai wannan adadi sai an rage mishi sannu sannu, ta haɗa mu da dokotoro. Duk da hakan mun ga tashin hankali, zufa kamar an watsa mishi ruwa, gudawa, ciwon ƙashi, ƙafafu ba su tsayawa wuri ɗaya, dare ya yi ta zagaye tsakar gida har kiran salla. A kwanakin nan zuwa kawai in ya yi ana ba shi ɗan abu, sabulu ko kiredin waya.

Bayan nan aka shiga ainihin tsarin. Litinin da Alhamis zai je ya ba da fitsari cikin ɗan kofi, a tsoma wata ƴar takarda, minti biyar a duba. Layi biyu babu ƙwaya, layi ɗaya akwai, wato akasin gwajin ciki, ranar farko ni da na ga layi biyu gabana ya faɗi madam ta yi ta dariya. In fitsari ya fito tas a ba shi bon nan take, na farko dala ɗari, kowane na gaba a ƙara dala hamsin muddin bai karya jeri ba. Ba kuɗi ba ne a hannu, takarda ce da ake kaiwa wata butik a canza da shinkafa, maka, takalmi, abin da ya zaɓa.

Gaskiya da farko abin bai kwanta mini ba. Baba cewa ya yi wannan ai cin hanci ne, mutum ya jefa kanshi rijiya sannan a biya shi don ya kama igiya? Na kai ma madam maganar yadda take. Ta ce in duba, ƙwaya tana biyan mai shanta cikin rabin awa, jiki ya saki, gajiya ta tafi, amma ladar dainawa sai bayan watanni ake ganinta, shi kuwa wanda ƙwaya ta kama gobe ma nisa take mishi balle baɗi, don haka ake jawo ladar kusa da hancinshi. Ta ce ba su suka ƙirƙiro ba, wani malamin jami'a a Vermont ta Amurka, Stephen Higgins, shi ya gwada tsarin bon ɗin a farkon shekarun 1990 da masu shan hodar iblis, daga baya Nancy Petry ta Connecticut ta fito da na ƙuri'a mai sauƙin kuɗi, kuma tun 2011 asibitocin tsofaffin sojojin Amurka ke aiki da shi. Baba dai bai gamsu ba, amma shinkafar da yaron ya kawo ya ci.

Sai dai in za a tambaye ni, ba bon ɗin fitsari ne ya fi aiki ba, kayen nan ne, littafin da ake rubuta ayyukan sati a ciki. Kowace Litinin akwai wani saurayi da suke ce ma mushe, zai zauna da shi su rubuta abu uku da zai yi cikin sati, kuma sai ya kawo shaida. Ba manyan abubuwa ba fa. Satin farko: ya raka Inna awon hawan jini, ya buga balo sau biyu da yamma, ya je ya gaida tsohon patron ɗinshi na walda, gaisuwa kawai ba roƙon aiki ba. Kowane ɗaya da ya cika zai sa hannu cikin ƙwarya ya zaro takarda a naɗe, wajen rabi "sannu da ƙoƙari" kawai aka rubuta, sauran akwai ƙaramar kyauta, babba guda ɗaya ce radiyo, har muka gama ban ga wanda ya ci ta ba. Sai lokacin na lura da yadda yinin yaron nan yake, barci har azahar, fada da shayi har ƙarfe biyu na dare, ba abin da ke jiranshi da safe, to in ka cire ƙwayar mi ka bar mishi? Gaisuwar nan ta zama zuwa riƙe ƙarfe, riƙe ƙarfe ya zama apranti, patron ɗin ke sa mishi hannu a kaye da yatsu duk baƙin mai. Ranar da na ji shi yana neman wanda zai tashe shi ƙarfe shida sai da na shiga ɗaki na yi hawaye.

Sati na biyar ya zame. An yi bikin wani abokinshi, Litinin layi ɗaya. Ranar jikka biyu da rabi ya kamata ya karɓa. Ni na riga na cika na batse, na buɗe baki ke nan madam ta ɗaga mini hannu, ta dube shi ta ce, "Ƙanena, yau babu bon, mun koma dala ɗari. In ka jera biyar masu kyau zan maida ka inda kake. Alhamis ina jiranka." Shi ke nan fa, ba wa'azi ba zagi. A hanya bai ce uffan ba sai da muka kusa gida ya ce, "Yaya, jikka biyu da rabi fa." Shekara uku ina mishi faɗa ban taɓa ganin abin ya ci shi haka ba.

To ga inda suka ba ni haushi. A tsakiyar wata na biyu takardun gwajin suka ƙare, sati biyu cur, kuma tramol ba kowace takarda ke kama shi ba, sai tashi ta musamman, wadda ake gwada sauran ƙwayoyi da ita sai ta nuna tas alhali mutum ya sha. Suka ce mu saya da kanmu, na zagaye farmasi huɗu ban samu ba. Sati biyun nan yara sun gane ba mai duba su, kowa ya san abin da ya biyo baya. Sannan rumfar jira tana kallon titi, duk mai wucewa a moto sai ya leƙa, shi ya sa tsawon wata 3 mata biyu kawai na gani, kuma kar a ce mini mata ba su sha. Gardi ma wani lokaci waya yake dannawa maimakon ya tsaya bakin bayi, da kunnena na ji wani yaro yana alfahari ya kawo fitsarin ƙanenshi cikin leda.

Babban abin shi ne sati 12 na cika sai sallama. Ba randebu, ba kiran waya. Madam da kanta ta ce an san raunin tsarin ke nan, in lada ta tsaya wasu suna komawa, amma kuɗinsu iya nan ya kai. Cikin waɗanda suka fara tare da namu akwai wanda na gani kwanan nan bakin gadar Kennedy, ido jawur, ya kauda kai kamar bai san ni ba. Shi bai samu wurin aiki ba, ayyukan kayenshi duk shara da wanki ne a gida.

Wanda ƙwaya ta riga ta taɓa ma kai, yana surutai ko duka, ba nan za a fara kai shi ba, su ma sashen masu taɓin hankali na babbar likita suke turawa. Kuma in ba mai raka mutum a satuttukan farko kar a wahalar da kai, kuɗin taksi kaɗai na ci mini abin da ban son lissafawa. Cikin biyar na ba su uku da rabi, rabin nan na madam ne ita kaɗai.

Namu yanzu wata biyar. Bon ɗinshi na ƙarshe tabaron walda ya canza da shi, baƙi mai igiya, yana rataye da shi a wuya ko masallaci zai je. Har yau in ya cire wando zai yi wanka sai na laluba aljihun, jiya goro na samu da ƙusa biyu.